Kilara Shuman: Matar Da Ta Riƙe Gidanta Da Yatsunta Goma

Yau filin namu zai ƙetare teku ya kai mu ƙasar Jamus, domin ku ji labarin wata mata mai suna Kilara Shuman, wadda Turawa ke rubuta sunanta Clara Schumann. An haife ta a 1819, watau shekarar da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano, ta kuwa rasu a 1896, zamanin Sarki Alu, saura shekara bakwai Turawa su shigo birnin. Sana'arta kiɗan fiyano da koyar da shi.

Na san wata za ta ce ina ruwanmu da makaɗiyar Turawa? To, ki dakata ki ji. Mace ce wadda ciwo ya kayar da mijinta, ya bar ta da 'ya'ya shida, ga ciki, ba gona ba rumbu. Abin da ta ciyar da su da shi har suka girma, shi ne abin da aka koya mata tun tana 'yar shekara biyar. Irin wannan hali kuwa ba sai an je Turai ake ganinsa ba. A ƙauyukanmu na wajen Dambatta da Bichi da Makoɗa, da wuya a sami unguwar da ba ta da mace guda wadda ta taɓa wayar gari ta ga gida ya dawo kanta.

ABIN KIƊAN DA KANSA

Kafin mu shiga labarin, bari in bayyana muku fiyano. Wani babban akwati ne na katako mai ƙafafu, wanda sai ƙarti da yawa sun taru suke ɗaga shi. A cikinsa akwai wayoyin ƙarfe sama da 200 a ɗaure tamau, kamar tsirkiyar molo ko garaya. A gabansa an jera madannai farare da baƙaƙe, a fiyanon zamanin yanzu guda 88. In makaɗi ya danna ɗaya, sai wata 'yar guduma mai laushin kai ta bugi waya a ciki, amo ya fito. In ya danna a hankali amon ya fito a sanyaye, in ya danna da ƙarfi ya cika ɗaki. Wani mutumin Italiya ne ya ƙago shi wajen shekarar 1700.

Sa'an nan kada ku ɗauka kiɗan nan irin na biki ne, wanda ake rawa ana liƙi ana yi wa mutum kirari. A can rubuta kiɗan ake yi a takarda da waɗansu alamomi, a karanta shi kamar yadda ake karanta littafi, a shekara da shekaru ana koyonsa. Ranar wasa mutane kan biya kuɗi a ƙofa, su zauna a kujeru tsit, sai an gama su yi tafi. Wanda ya ƙware kuwa sarakuna kan girmama shi kamar yadda ake girmama babban masani.

YARINYAR DA BA TA MAGANA

An haifi Kilara ran 13 ga Satumba 1819 a birnin Laifzik. Mahaifinta, Firidirik Wik, malamin fiyano ne, yana kuma sayar da shi. Mahaifiyarta, Mariyana, mawaƙiya ce kuma makaɗiya. Zaman nasu bai yi daɗi ba, domin Wik mutum ne mai zafin rai da son a bi umurninsa ko ta halin ƙaƙa. A 1824 suka rabu. Bisa dokar ƙasar a lokacin, 'ya'ya na uba ne, saboda haka da Kilara ta cika shekara biyar sai aka raba ta da uwarta aka kai ta gidan ubanta. Uwar ta sake aure, daga baya ta koma birnin Balin. Yarinyar nan sai da ta wuce shekara huɗu kafin ta fara magana, har mutanen gida suna tsammani kurma ce.

Uban dai ya riga ya ƙudura a ransa cewa zai mai da 'yar nan shahararriya, domin duniya ta ga hanyar koyarwarsa ta fi ta kowa. Ya tsara mata yini kamar jadawalin makaranta. Awa guda darasi a gabansa, awa biyu ta maimaita ita kaɗai, sa'an nan doguwar tafiya a ƙasa domin jiki ya yi ƙwari. Ya sa aka koya mata waƙa da goge irin nasu da ƙa'idojin tsara kiɗa. Ya buɗe mata littafin da ake rubuta abin da ya faru kowace rana, amma shi ke rubutawa da sunanta, har da faɗan da ya yi mata in ta yi ƙyuya. Wasan yara kuwa ba ta samu sosai ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A watan Oktoba 1828, tana da shekara tara, ta fito gaban jama'a a babban zauren kiɗa na Laifzik da ake kira Gewandhaus. A 1830 ta yi wasa na ƙashin kanta a wannan zaure. A 1831 ubanta ya ɗauke ta suka fara yawon garuruwa a keken doki. A garin Waima ta yi wa babban marubucin Jamus, Gote, kiɗa, yana tsoho mai shekara 82, ya ba ta lambar tagulla mai hotonsa. Suka isa Faris a 1832, suka tarar annobar amai da gudawa ta ɓarke, mutane na gudu daga birnin, saboda haka wasan bai yi kasuwa ba. Tana da shekara 16, a 1835, ta buga wani babban kiɗa da ita kanta ta tsara, ƙungiyar makaɗa na raka ta, mashahurin nan Mendelson yana jagorancinsu.

Sunanta ya kai ƙololuwa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, inda ta yi wasanni daga Disamba 1837 zuwa Afrilu 1838. Mutane suka riƙa turereniya wajen sayen tikiti. A watan Maris 1838 Sarkin Ostiriya ya naɗa ta gwanar kiɗan fada, muƙami mafi girma da makaɗi kan samu a ƙasar, alhali kuwa yarinya ce 'yar shekara 18, baƙuwa, kuma ba ɗarikarsu ɗaya da mutanen fadar ba.

AURE TA HANYAR KOTU

A cikin almajiran ubanta akwai wani saurayi mai suna Robat Shuman, wanda ya girme ta da shekara tara. A 1830 ya tare a gidansu domin koyon fiyano. Shi ma burinsa ya zama gwani, amma yatsan hannunsa na dama ya sami lahani, dole ya haƙura da bugawa ya koma tsara kiɗa da rubutu a jarida. Da Kilara ta zama budurwa sai suka shaƙu, a 1837 suka yi alkawarin aure. Robat ya nemi izinin uban, uban ya ce atafau.

Dalilan Wik ba duka ne na banza ba. Yana ganin saurayin ba shi da tsayayyar hanyar abinci, yana kuma tsoron aure zai binne aikin da ya shekara goma sha yana yi a kan 'yarsa. Amma akwai son zuciya a ciki, domin kuɗin da yarinyar ke samu a hannunsa suke. Ya hana su ganin juna, ya hana wasiƙa, ya riƙe kuɗinta, ya bi gari yana ɓata sunan saurayin da cewa mashayi ne. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Kilara ta koma wurin mahaifiyarta a Balin, wadda ta amince da auren. Dokar ƙasarsu ta ba da dama a kai irin wannan magana gaban alƙali in uba ya hana ba bisa hujja ba. A 1839 suka shigar da ƙara. Wik ya kasa kawo shaidar zargin da ya yi, a watan Agusta 1840 kotu ta ba su izini. Aka ɗaura aure ran 12 ga Satumba 1840 a wani ƙauye kusa da Laifzik, ana gobe za ta cika shekara 21.

'Yan matanmu na makaranta, kada ku tsaya a nan ku ce kun sami hujja. Ku lura, ba ta gudu da saurayi ba. Shekara uku ta yi tana jira, ta nemi goyon bayan uwarta, ta bi hanyar shari'ar ƙasarsu. Kuma rabuwa da ubanta ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta huta ba sai da aka sasanta a 1843. Har ta tsufa tana faɗin cewa duk abin da ta zama, horon ubanta ne. Iyaye maza su ma akwai abin dubawa a nan, domin taurin kan Wik bai hana auren ba, sai dai ya jawo masa kunya a gaban alƙali.

GWANAYE BIYU A GIDA ƊAYA

Ma'auratan nan suna ƙaunar juna, har suna da littafi guda da suke rubutu a ciki bi da bi, kowa ya faɗi abin da ke ransa. A shekarar auren kaɗai Robat ya tsara waƙoƙi fiye da 100. Amma zaman yana da nasa ƙalubalen. Bangon gidan ba kauri, in maigida na aikin tsara kiɗa ba ya son jin wani amo, saboda haka fiyanon Kilara sai ya yi shiru, wani lokaci kwana da kwanaki. Makaɗin da ya daina maimaitawa kuwa hannunsa kan mutu, kamar yadda hannun mai ɗinkin hula kan yi nauyi in ta daɗe ba ta riƙe allura ba. Takan saci awa guda ko biyu in ya fita.

Ga kuma haihuwa a kai a kai. Tsakanin 1841 da 1854 ta haifi 'ya'ya takwas: Mari, Elisa, Juli, Emil, Ludwik, Fadinan, Ujini da Feliks. Emil ya rasu yana ɗan shekara guda a 1847. Duk da haka ba ta saki sana'arta ba, kuma gidan na bukatar kuɗin. A 1844 suka yi wata huɗu a ƙasar Rasha tana wasa, ta samo kuɗi masu kauri. A wannan tafiya ita aka sani, shi kuwa ana kallonsa a matsayin mijin makaɗiya, abin da ya sosa masa rai. Ita kuma sai ta mai da basirarta wajen ɗaukaka sunansa. Duk inda ta je sai ta buga abin da ya tsara, ko da mutane ba su saba da shi ba, har kunnuwansu suka karɓa. Ita ce ta fara buga babban kiɗansa na fiyano a gaban jama'a a 1845. Ita ma ta ci gaba da tsara nata, mafi shahara shi ne wanda ta yi a 1846 domin fiyano da goge biyu, ƙarami da babba.

Akwai wani abu da ya faru a 1849 wanda zai nuna muku irin zuciyarta. Suna zaune a birnin Diresdan sai tawaye ya ɓarke a watan Mayu, aka toshe tituna ana harbe-harbe. 'Yan tawaye suna bi gida gida suna neman maza su shiga cikinsu. Kilara ta san lafiyar mijinta ba za ta ɗauki wannan ba, sai ta fitar da shi ta ƙofar baya tare da babbar 'yarsu, ta kai su wani ƙauye a wajen gari. Sauran yara uku suna gida wurin mai aiki. Bayan kwana biyu, da tsakar dare, ta kamo hanya ta koma, wani wurin a keken doki wani wurin a ƙasa ta cikin gonaki, ana jin ƙarar igwa, ta kwaso 'ya'yanta ta fito da su lafiya. A lokacin tana da cikin wata bakwai.

RANAR DA GIDA YA DAWO KANTA

A 1850 suka koma birnin Dusaldof, inda aka ba Robat shugabancin makaɗan gari. Aikin bai karɓe shi ba, lafiyarsa kuma ta riƙa raguwa. Tun da daɗewa yakan faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, yanzu kuma ya fara jin waɗansu sautuka a kunnensa waɗanda ba kowa ke ji ba. A ƙarshen 1853 wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Birams ya zo gidansu da kiɗan da ya tsara. Suka ga baiwarsa, suka karɓe shi hannu biyu, Robat ya yaba shi a jarida. Wannan shi ne farin cikin ƙarshe da gidan ya gani tare da maigida.

Ran 27 ga Fabrairu 1854 ciwon ya ci ƙarfinsa, ya fita daga gida ya faɗa kogin Rayin. Masu kwalekwale suka tsamo shi da rai. Bayan 'yan kwanaki aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Endenik, kusa da birnin Bon. Likitoci suka hana matarsa zuwa, wai ganinta zai tayar masa da ciwo. A watan Yuni ta haifi autansu, Feliks, wanda bai taɓa ganin ubansa ba.

Ku auna wannan hali, 'yan'uwa. Mace 'yar shekara 34, 'ya'ya bakwai, ga kuɗin haya, ga kuɗin asibiti kowane wata. Abokan arziki suka ce za su shirya wasa a tara mata gudummawa, ta yi godiya ta ƙi. Ta ce da kanta za ta nema. Wata huɗu bayan haihuwa ta ɗaura ɗamara ta fita yawon wasa gari gari. Birams ya tsaya mata tsayin daka, yana duba yara yana riƙe lissafin gida, shi da wani gwanin goge mai suna Yowakim su ne ke zuwa duba marar lafiya su kawo mata labari. Masu tsegumi sun yi ta magana a kan kusancinta da Birams, kamar yadda aka saba yi wa macen da mijinta ba ya nan. Abin da ya tabbata shi ne sun yi aminci na shekara 43, ita ba ta sake aure ba, shi kuma bai taɓa yi ba.

A watan Afrilu 1856 ta fara zuwa Ingila. Ta dawo ba da daɗewa ba aka aiko mata cewa jikin mijinta ya yi tsanani. Ta gan shi ran 27 ga Yuli, bayan kusan shekara biyu da rabi rabonta da shi, ya kuwa gane ta. Ran 29 ga Yuli 1856 ya rasu. Tana da shekara 36. Daga nan har ƙarshen ranta da baƙaƙen tufafi take fitowa wasa, ta kuma kusan daina tsara kiɗan kanta.

SHEKARA 35 A KAN HANYA

Daga nan rayuwarta ta zama ta fatauci, sai dai hajarta a yatsunta take. Lokacin sanyi tana kan hanya, Jamus, Ostiriya, Holan, Beljiyam, Faransa, Rasha, Ingila. Lokacin zafi ta tara 'ya'yanta su huta tare, musamman bayan da ta sayi wani ɗan gida a Baden-Baden inda ta tare a 1863. Ingila kaɗai ta je sau 19, na ƙarshe a 1888. Ita da Yowakim sun yi wasa tare fiye da sau 230. Takardun shirin wasanninta da aka adana sun kusa 1,300.

Ba neman kuɗi kaɗai ta yi ba, ta sauya yadda ake wasan fiyano. A zamanin ƙuruciyarta makaɗa sun fi son kiɗan burga, mai gudu da ƙara, domin a ce yatsunsu na da sauri. Ita kuwa da ta girma sai ta juya wa wannan baya, ta riƙa kawo wa jama'a ayyukan manyan magabata irin su Bak da Mozat da Bitoben da Shubat, da na zamaninta irin su Shofan da Mendelson da mijinta da Birams. Tana cikin na farko da suka saba buga dogon kiɗa da ka, ba tare da takarda a gaba ba. Da farko waɗansu sun ɗauki wannan girman kai ne, yau kuwa shi ne al'adar manyan makaɗan fiyano a duk duniya.

Amma kada in ɓoye muku abin da wannan ya ci mata. Uwar da ke kan hanya ba ta iya goyo. Ta rarraba yaran, waɗansu makarantar kwana, waɗansu wurin kakarsu da dangi da aminai, tana bin su da wasiƙu da kuɗin makaranta. Sun sami ci da sha da ilimi, amma sun yi kewar uwa, waɗansunsu sun yi shekaru ba su zauna ɗaki ɗaya da 'yan'uwansu ba sai lokacin hutu. Babbar 'yar, Mari, ita ta zama uwa ta biyu, tana raka ta tafiya tana kula da gida, ba ta taɓa yin aure ba.

Sa'an nan ga rashe-rashe. A 1870 aka kai Ludwik asibitin masu taɓin hankali, inda ya zauna har ya rasu a 1899. Juli ta rasu a 1872 da ciwon tarin fuka, ta bar yara ƙanana. Auta Feliks shi ma tarin fukan ya ɗauke shi a 1879 yana da shekara 24. Fadinan ya dawo daga yaƙin 1870 da ciwon jiki, maganin kashe zafin da ake ba shi ya kama shi har ya kasa aiki, ya rasu a 1891, ɗawainiyar 'ya'yansa ta dawo kan kakarsu. Cikin 'ya'ya takwas, huɗu ta binne da ranta. Ita kanta ciwon hannu ya tsayar da ita fiye da shekara guda, sai a 1875 ta koma wasa bayan jiyya a garin Kil. Duk lokacin da aka yi mata rasuwa, in ta share hawaye sai ta koma kan fiyano, domin akwai sauran bakunan da ke jiran abinci.

MALAMA KILARA

A 1878, tana da shekara 59, aka buɗe makarantar koyon kiɗa ta Dokta Hok a birnin Farankfot, aka roƙe ta ta zama babbar malamar fiyano. A lokacin ita kaɗai ce mace cikin manyan malaman makarantar. Da yake ta san darajar abin da ke hannunta, ba ta karɓa haka kawai ba, sai da ta kafa sharuɗɗa. A gidanta za ta koyar, awa ɗaya da rabi a yini, za a ba ta hutun wata huɗu a shekara, a kuma bar ta ta je wasa in ta so. Hukumar makaranta ta amince da duka. 'Ya'yanta Mari da Ujini suka zama mataimakanta. Su ke fara horar da sababbin ɗalibai, sai wanda ya yi nisa ake kai shi gaban uwar.

Mu da muke riƙe da alli mun san koyarwa sana'a ce daban da iyawa, ba kowane gwani ne malami ba. Ɗalibanta sun ba da labarin yadda take yi. Ba ta yarda a ƙara ko a rage abin da mai kiɗan ya rubuta ba. Ba ta son a daki madanni kamar ana sussuka, so take yatsa ya zauna kusa da shi ya danna, amon ya fito kamar muryar mai waƙa. Ba ta son sauri domin burga, ba ta son yawan kaɗa jiki. Takan tsayar da ɗalibi a kan ɗan gajeren wuri guda ya yi ta maimaitawa har sai ya fito daidai. Yabo a bakinta da tsada yake, saboda haka ranar da ta nuna ta gamsu, ɗalibi kan riƙe wannan rana har tsufansa.

Ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen Turai da Amurka, mafi yawansu 'yan mata. A cikinsu akwai Fani Debis da Adelina da Lara daga Ingila, waɗanda suka shahara har aka ɗauki kiɗansu a faifai, da Matilda Ban wadda ta buɗe tata makarantar a Landan, da Kal Firidbag wanda ya je ya koyar a birnin Niyok. Ta haka hanyarta ta bi hannu zuwa hannu har ta kai ga makaɗan da ba su taɓa ganinta ba. A cikin waɗannan shekaru kuma ta zauna ta tattara duk abin da mijinta ya tsara, ta tace, aka buga shi cikin littattafai masu yawa tsakanin 1881 da 1893.

Ran 12 ga Maris 1891 ta yi wasanta na ƙarshe a gaban jama'a a Farankfot, tana da shekara 71, watau fiye da shekara 62 bayan fitowarta ta farko. A 1892 ta ajiye aikin makaranta, domin kunne ya fara ba ta wahala, amma ta ci gaba da koyar da 'yan kaɗan a gida, har da jikanta. A watan Maris 1896 ciwon shanyewar jiki ya kama ta, ta rasu ran 20 ga Mayu 1896 tana da shekara 76. Aka binne ta a Bon kusa da mijinta, bayan shekara 40 da rabuwarsu. Birams bai cika shekara guda a bayanta ba, ya rasu a watan Afrilu 1897. Kusan shekara 100 bayan rasuwarta ƙasar Jamus ta buga hotonta a takardar kuɗi ta mak 100, wadda aka yi ta kashewa daga 1990 har aka koma kuɗin yuro a 2002. Matar da ta ƙi karɓar gudummawa, sai ga fuskarta a aljihun kowa.

ABIN DA YA SHAFE MU

To, 'yan'uwa, ba cewa nake ku nemi fiyano ba. Kowace ƙasa da irin sana'arta. Abin dubawa shi ne, ranar da masifa ta faɗa wa gidan Kilara ba a ranar ta fara koyo ba. Ta shekara kusan 30 tana wasa wuƙarta, ba ta kuma bar ta ta yi tsatsa ba saboda aure ko goyo. Da ta ajiye sana'ar ran da aka kai ta ɗakin miji, da labarin 'ya'yan nan bakwai ya zama wani iri.

Uwargida, ko ƙuli-ƙuli kike yi, ko saƙar faifai, ko ɗinkin hula, ko kiwon awaki, ki riƙe shi da kyau, ki gyara shi har a riƙa neman naki da suna a kasuwa. Maigida na da rai da lafiya, Allah ya ƙara masa, amma damina ba kullum take cika rumbu ba. In kuwa 'yarki na makaranta, ki daure ki bar ta ta ƙarasa, kada farantin talla ya cinye mata lokacin karatu. Ribar talla ta yini guda ce, abin da ta koya kuwa yana nan tare da ita har ɗakin mijinta, ba ɓarawon da zai ɗauka, ba garar da za ta ci.

Ke kuma 'yar makaranta, awa biyun nan da Kilara ke maimaita darasi kullum ita kaɗai, ke ma kina da irinsu tsakanin la'asar da magariba. Ki duba me kike yi da su.

Sai mun sake saduwa. Allah ya bar mu da mazajenmu da 'ya'yanmu lafiya.